Saƙon da Na Ba Hamidu Direba

Ranar Laraba, kwana biyu da binne matata Hansatu, na je tashar Batsari na ba Hamidu direba saƙon rasuwarta ya kai wa ɗanmu a jami'a. Ƙafafuna biyu lafiyarsu ƙalau, kuma akwai sauran wurin mutum ɗaya a motar.

A watannin nan an rufe layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga. Daga Batsari har Safana, waya ta koma abin duba lokaci da haska hanyar banɗaki. Wanda ke da magana sai ya ba direba, kamar zamanin kakanninmu, illa su kakanninmu ba su sayi waya sun ajiye ba. Saboda haka duk wanda ya ji na aika Hamidu bai ga laifina ba. Ana zaman makoki, hanya babu tsaro, mai ya yi wuya. Uzurori uku, kowanne ingantacce. Na jera su na duba su kamar yadda nake duba amsar ɗalibi, na ba kaina maki.

Gaskiyar ita ce yaron ɗan fari ne.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da tarihi. Na fara a firamaren Babban Duhu, na ƙare a sakandare a Safana. A ɗakin malamai babu al'adar da ban yi wa ba'a ba. Na karanta abin da Turawa suka rubuta a kanmu, na karanta abin da namu suka mayar musu. Amma a gidana, ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba. Ubana a Wagini bai kira na yayana ba, ni ma ban kira na nawa ba. “Kai” nake ce masa, ko “yaron nan” idan da mutane. Ban ɗauke shi a kafaɗa ba, ban ci abinci kwano ɗaya da shi ba. Ƙanwarsa Rahma kuwa har gemuna take ja.

Hansatu ce ta karya dokar. A gaban dangi takan ce “ɗan Malam”, amma da an rufe ƙofar zaure sai ta kira shi da cikakken sunansa, har da jan ƙarshen. Duk abin da nake so ya sani, ita nake faɗa wa. Duk abin da yake so, ta bakinta nake ji. Shekara ashirin da biyu muna gida ɗaya da shi, ta hanyarta muke magana, ban kuwa taɓa tunanin hanyar za ta iya rufewa ba.

Hawan jini ne ya kai ta. Da hantsin ranar da za ta rasu, bakinta ya riga ya karkace, ta riƙe hannun rigata.

“Malam, ka je da kanka. Kada ka aika.”

Na ce to. Sannan ta faɗi abin da take so a faɗa masa.

Abin da na ce wa Hamidu shi ne abin da kowa ke cewa: ya sami yaron ya ce jikin mahaifiyarsa ya yi tsanani, ana nemansa gida. Hamidu yana da lodi, sai ya ba wani kamasho saƙon. Kamashon ya ba wani ɗalibi da ya ce ya san ɗakin. Ɗalibin ban san wanda ya ba ba.

Kwana tara da rasuwar, yaron ya zo tashar birni da leda a hannu. Shi ke saya wa uwarsa maganin hawan jini a birni duk wata, ya ba direba, domin irin wanda ya karɓe ta babu shi a kantunan Batsari. Wannan karon ya makara da mako biyu saboda jarrabawar gwaji. Ya miƙa wa Hamidu ledar. Hamidu, da yake ya ɗauka saƙo ya isa tuni, ya cire hula ya ce, “Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Hajiya.”

Yaron ya ce, “Haƙurin me?”

Hamidu da kansa ya ba ni labarin, yana share zufa. Ya ce, “Malam, wallahi ban san mi zan ce mishi ba. Sai na buɗe mishi gidan gaba, ban amshi ko sisi ba.”

Yaron ya iso gida da la'asar, ya durƙusa a bakin tabarmata. Na dubi tabarmar na ce, “Sai haƙuri.” Ya ce, “Ta bar wata magana, Baba?” Akwai maƙwabta biyu zaune. Na ce, “Ta yafe wa kowa.” Ya kwana biyu a ɗakinta, ya koma makaranta. Na ga ya yi ƙoƙari. Har na faɗa wa liman cewa yaron yana da tawakkali.

Aka buɗe layuka kusan ƙarshen shekara. Kira na farko mai ma'ana da ya shigo wayata, a watan Janairu, muryar mace ce.

“Assalamu alaikum. Da Malam Armaya'u nake magana? Sunana Khairiyya, daga ofishin ba ɗalibai shawara.” Ta faɗi sunan yaron. “Baba, ina so ka zo. Ba laifi ya yi ba.”

“To me ya yi?”

“Babu abin da yake yi. Matsalar ke nan.”

Ofishin yana bayan asibitin makaranta, kusa da inda ake ƙona shara. Da gani tsohon sito ne. An buga sunansa a farar takarda an manna a ƙofa, rana ta cinye rabin haruffan. A kan benci akwai ɗalibai kusan goma, kowa ya sunkuya a kan wayarsa yana nuna kamar wani ya rako. Na jira awa biyu da rabi. Na karanta duk abin da ke jikin bango, ciki har da wata sanarwa da ke cewa lafiyar tunanin ɗalibai ita ce babban abin da hukumar makaranta ta sa a gaba. An buga ta da launi, a takarda mai sheƙi. Kujerar da na zauna a kai daga baya ƙafarta ɗaya bulo ne.

Malama Khairiyya ba za ta wuce sa'ar Rahma da shekara biyar ba. Ta gaishe ni yadda ya kamata, ta yi mini ta'aziyya, ta miƙo fom. Tambaya ta bakwai: yaya dangantakarka da ɗalibin take, mai kyau, matsakaiciya, ko maras kyau?

Na ce, “Malama, wa ya tsara wannan? Babu gurbin ‘ɗana ne’?”

“Ba ni na tsara ba, Baba. Tsallake ta.”

Ta yi mini bayani. Mako biyar bai shiga aji ba. Ba ya wanka sai an matsa, ba ya cin abinci sai an sa masa a gaba. Abokin ɗakinsa, Sagiru, shi ya jawo shi nan da ƙyar. Ta ce alamomin ciwon damuwa ne, kuma ya kamata likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi.

“To ya gan shi mana.”

“Likitan Talatar farko ta kowane wata yake zuwa. Ta wannan watan bai zo ba. Na sa sunansa a ta Fabrairu, shi ne na goma sha tara.”

“Ke fa?”

“Ni saurare nake yi. Minti ashirin ga kowa, sau ɗaya a mako. Mu biyu ne da, ɗayar ta yi ritaya ba a maye gurbinta ba.”

Na ce mata a garinmu mutanen ƙauyuka na kwana a azuzuwan firamare da awakinsu. Akwai wanda aka kore wa shanu arba'in a Darini, washegari na gan shi a masallaci sahun gaba. Idan damuwa ciwo ce, to sai a zagaye Batsari da katanga a rubuta asibiti a ƙofa.

Ta ce, “Da da hali da an yi, Baba. Amma ni ɗanka ne a gabana.”

Ban saba a mayar mini da magana a taƙaice haka ba. 

Ta ce yaron ya ba ta izinin ta faɗa mini abu biyu. Na farko, ya yi imani shi ya kashe uwarsa: maganinta ya ƙare, shi kuma ya tsaya karatun jarrabawa. Na biyu, yana ganin na san haka, shi ya sa ban zo ba, shi ya sa ban dube shi ba ranar da ya durƙusa.

Na ce, “Maganin bai ƙare ba. Ƙwaya goma sha ɗaya ta bari a gwangwani. Na ƙirga.”

Ta ajiye biro. “Ka faɗa masa?”

“Ke ki faɗa masa. Aikinki ne.”

“Zan faɗa. Ba zai yarda ba. Zai ce lallashi ne, don an biya ni in yi lallashi. Baba, yaron nan a tasha ya ji mutuwar uwarsa. Ya gaji da 'yan aike.”

“Ɗan fari ne.”

“Na sani. Ni ma 'yar fari ce. Babana har yau ‘ke’ yake ce mini. Amma ni uwata na da rai.”

Ta aika aka kira shi. Ya shigo da rigar da na san Hansatu ce ta ɗinka masa da sallah, ta yi masa yawa kamar ta aro. Ya durƙusa. Malama ta ce ya hau kujera, ya ƙi, domin ina wurin. Ita a kujera, ni a kujera mai bulo, shi a ƙasa. Ta dube ni. Na san abin da take jira. Kalmomin suna nan a jere, na shirya su kamar darasi.

Na ce, “Kai, ka ga ka sa ana ta wahala da kai. Ka riƙa cin abinci.”

Ya ce, “To, Baba.”

“Komai nufin Allah ne.”

“Haka ne, Baba.”

Minti ashirin ɗinmu bai ma cika ba. Da ya fita, ta daɗe tana kallon fom ɗin. Sannan ta ce in dawo Litinin mai zuwa, ƙarfe goma, za ta haɗa lokacinsa da na wani ta ba mu minti arba'in. Ta ce ba sai na yi dogon jawabi ba. In zauna kusa da shi, in kira sunansa, in ba shi labarin ranar kamar yadda ta faru.

A mota na yanke shawarar zan zo da gwangwanin. Malamin tarihi ba ya magana babu hujja.

Litinin ta farko aka sa ranar tantance 'yan fansho a sakatariya. Ba ƙarya ba ne, an sa. Na wuni a layi don in tabbatar wa wani yaro mai kwamfuta cewa ina raye. Da na ce a ɗaga mini zuwa Talata, da an ɗaga, domin shugaban sashen tsohon ɗalibina ne. Ban ce ba.

Litinin ta biyu aka ce an tare hanya da sassafe. Zuwa ƙarfe tara motoci suka ci gaba da wucewa, Hamidu ma ya yi lodi ya tafi. Ni na koma gida. Na kira Malama na ba ta haƙuri. Ta ce yaron ya zo, ya zauna minti arba'in ɗin cif, yana kallon ƙofa. Ta ce ta faɗa masa zancen ƙwayoyin.

“Ya ce me?”

“Ya ce, idan gaskiya ne, me ya hana Baba faɗa?”

“Likitan fa?”

“Ya zo, ya ga mutum goma sha biyu, aka kira shi taro.”

Na yi mata faɗa a kan wannan. Na yi faɗa mai kyau, da misalai, da shekarun da aka kafa jami'o'in ƙasar nan da abin da aka ce za su zama. Na tambaye ta ina kuɗin kula da lafiya da ake karɓa a hannun kowane ɗalibi yake tafiya. Ta bar ni na gama.

Ta ce, “Duk gaskiya ne, Baba. Litinin, ƙarfe goma.”

A makon nan na gwada kiran sunan. Nakan rufe ƙofar ɗakin Hansatu bayan azahar, in tsaya gaban madubinta, in buɗe baki. Harafin farko yakan fito. Sauran sai in ji kamar ubana na tsaye a bayana. Mutum mai shekara sittin da uku, wanda ya yi wa mai duba makarantu gyara a gaban aji, yana fama da suna ɗaya a ɗakin da babu kowa. Ranar Asabar ya fita gaba ɗaya, a hankali. Babu abin da ya faɗo. Rufin ɗakin yana nan inda yake.

Litinin ta uku na sa gwangwanin a aljihun babbar riga, na shiga motar farko. Muna hanya rediyon direba ya ce malaman jami'o'i sun shiga yajin aiki. Wani a baya ya yi dariya ya ce dama sun daɗe ba su huta ba. Motar ta lalace sau biyu. Na isa ƙarfe ɗaya saura.

Ɗalibai na fita da jakunkuna. Bencin ofishin babu kowa. Malama Khairiyya na ciki tana ɗaure fayiloli da igiya.

Ta ce, “Ya zo tara da rabi. Ya tashi sha ɗaya.”

“Mota ce ta lalace.”

“Na yarda, Baba.”

“Wannan karon da gaske ne.”

Na ji abin da na faɗa bayan ya fita daga bakina. Ita ma ta ji. Ta kira lambarsa a gabana, a kashe. Muka je ɗakinsu tare, wanda ba aikinta ba ne. Katifa ce kawai da littattafansa a jere a kan taga. Sagiru ma ba ya nan. Ta ce idan yajin ya daɗe, su ma ma'aikata za a iya cewa su rufe, kuma ba ta da izinin bin ɗalibi gida, amma in ya kira ta za ta ɗauka ko yaushe ne. Ta rubuta mini sunan asibitin da ke da likitan ƙwaƙwalwa kullum, a wata jihar, tafiyar awa biyar. Na ninke takardar na sa kusa da gwangwanin.

Na koma Batsari ina cewa zan same shi a gida. Na jira kwana huɗu. Ran na biyar ina wucewa ta tasha, Hamidu ya sauko daga kan motarsa, ya cire hula. Tun daga cire hular na san saƙo ne.

“Malam, ɗan wajenka ya ba ni magana in kawo maka. Tun shekaranjiya nike nemanka.”

“Faɗi.”

“Ya ce a gaishe ka. Ya ce sun bi yayan Sagiru wajen haƙar zinare, can arewacin Nijar. Ya ce kada a damu, in an koma makaranta zai duba.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan. Na ce mishi ya zo ya faɗi da bakinshi, ya ce ai ta hannuna kuka saba.”

Ban san ko da zafi ya faɗa ba. Hamidu ya ce a'a, cikin ladabi ya faɗa. Na fi tsoron hakan.

Wata takwas aka yi ana yajin. Da aka koma, Malama Khairiyya ta kira ni ta ce ta roƙa an ajiye masa gurbinsa shekara guda, abin da ake buƙata kawai ya zo ya sa hannu. Ta cika fom ɗin da kanta. Bayan shekara ta sake kira ta ce gurbin ya tafi, kuma an mayar da ita sashen rajista saboda ƙarancin ma'aikata. Na tambaye ta wa ke ofishin. Ta ce takardar dai tana manne a ƙofa.

Sau uku yaron ya kira Rahma daga can, da wayar wani mai shago da ake biya da minti. Na ukun ina gidanta a Safana, na je sunan jaririnta. Ta fito tsakar gida da gudu ta tura mini wayar a kunne, ta ce, “Baba, Yaya ne. Minti biyu ya saya.”

Ya ce, “Baba, ina wuni.”

Na ce, “Lafiya lau.”

“An wuni lafiya?”

“Lafiya ƙalau.”

“Ya gida? Ya jiki?”

“Alhamdu lillahi.”

“Ya ƙarin haƙurinmu?”

“Da godiya. Ya aiki?”

“Mun gode Allah.”

“Ya zafin wurin?”

“Da sauƙi, Baba. Ya mutanen Wagini?”

Na koya masa gaisuwa da kyau, ta bakin uwarsa. Bai tsallake ko ɗaya ba, ni ma ban katse shi ba, domin babba ba ya katse gaisuwa. Ina cikin cewa mutanen Wagini suna lafiya, na ja numfashi, wayar ta yi ƙara ta mutu. Rahma ta bi lambar. Mai shagon ya ce yaron ya biya ya tafi, kuma mutane ɗari ke shiga shagonsa a rana.

Shekara biyu ke nan da wata huɗu da tafiyarsa. Sagiru ya dawo bara, ya ce sun rabu a wani sabon rami da aka buɗe can gaba, inda babu waya. Ya ce lokacin da suka rabu yaron yana cin abinci, yana aiki, amma ba ya hira. Nakan bi ta tasha duk safiya. Hamidu ya daina cire hula idan ya gan ni, sai dai ya girgiza kai tun daga nesa, in wuce.

Gwangwanin yana aljihuna. Ƙwayoyin sun daɗe da lalacewa, amma goma sha ɗaya ne har yanzu, kowa na iya ƙirgawa. Abin da zan faɗa ba ya kai rabin minti, na auna da agogo.

Abdulgaffar, maganinta bai ƙare ba. Ta ce in faɗa maka ba ta taɓa fashin sha ba, kuma kai ne ka riƙe ta shekara uku. Ta ce in zo da kaina. Ni ne ban zo ba.